Iyalai 252 a Cikin Taɓo: Tarihin Sansanin Noisy-le-Grand

A daren 3 ga Janairun 1954, 'yan majalisar dattawan Faransa suna zaune a Paris suna muhawara kan kasafin kuɗi. Cikin abubuwan da aka gabatar musu akwai buƙatar a ware faran biliyan ɗaya don gina gidajen gaggawa ga marasa wurin kwana. Buƙatar ba ta samu shiga ba. A daren nan ne kuma, a Neuilly-Plaisance da ke bayan garin Paris ta gabas, sanyi ya kashe wani jariri ɗan wata uku a cikin tsohuwar motar bas da iyayensa suka mayar ɗaki.

Masu lura da al'amura ba su yi mamaki ba. Yaƙin Duniya na Biyu ya rushe dubban ɗaruruwan gidaje, kuma tun zamanin yaƙin farko gwamnati ta ƙayyade kuɗin haya, masu hali suka daina gina gidajen haya tunda ba riba, na da kuma aka bar su suna lalacewa. Ga haihuwa ta ƙaru bayan yaƙi, ga mutanen karkara suna ta kwararowa birni neman aikin masana'anta. Wanda ya rasa ɗaki a cikin Paris sai ya gangara bayan gari, ya sami fili a gefen layin dogo ko bakin juji, ya haɗa langa-langa da katako ya shiga da iyalinsa. Da yawansu ma'aikata ne masu ɗaukar albashi. Kuɗin hayar suna da shi, ɗakin ne babu.

A wannan Neuilly-Plaisance ɗin akwai wani limamin ɗarikar Katolika mai suna Henri Grouès, wanda duniya ta fi sani da Abbé Pierre. Ya yi gwagwarmayar ƙarƙashin ƙasa a lokacin mamayar Jamus, ya kuma yi ɗan majalisa daga 1945 zuwa 1951. Ya kama hayar wani tsohon gida ya sa masa suna Emmaüs, daga 1949 ya riƙa tara mutanen da kowa ya guje su: tsofaffin fursunoni, mashaya, waɗanda duniya ta juya wa baya. Da ya rasa kujerarsa, albashin da ke riƙe gidan ya yanke, sai mutanensa suka koma sana'ar jari-bola. Su bi juji da ɗakunan ajiya na masu kuɗi, su tsinto ƙarfe da tsumma da takarda, su sayar, su sayi fili, su gina wa iyalai ɗakuna ko da babu izinin hukuma. A 1952 har gasar kacici-kacici ya shiga a gidan rediyo, ya ciwo faran 256,000 ya zuba a aikin.

Da jaririn ya rasu, Abbé Pierre ya rubuta wa ministan gidaje Maurice Lemaire buɗaɗɗiyar wasiƙa yana gayyatarsa jana'iza. Ministan ya zo, ya bi gawar da ƙafa. Sanyin bai sassauta ba. A ƙarshen watan aka tsinci gawar wata mata a titin Sébastopol a tsakiyar Paris, riƙe da takardar da aka kore ta da ita daga gidan haya. Ranar 1 ga Fabrairu limamin ya shiga gidan rediyon Luxembourg ya yi kira ga jama'a: yana neman barguna 5,000, manyan tantuna 300 da murhunan ɗumama ɗaki 200 kafin dare, in an makara zuwa washegari.

Abin da ya biyo baya ya wuce tunanin kowa. Mutane suka yi ca a otal ɗin Rochester inda aka ce a kai taimako, kaya suka yi yawa har aka buɗe tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Orsay don ajiya. An tara kusan faran miliyan 500, ciki har da miliyan biyu daga ɗan wasan barkwanci Charlie Chaplin. Majalisar da ta hana biliyan ɗaya a watan Janairu ta amince da biliyan goma don gina gidajen gaggawa 12,000. Bayan kusan shekara uku, a Disamban 1956, aka yi dokar da ta hana korar ɗan haya a lokacin hunturu, dokar da har yau tana aiki, daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris.

Galibin masu ba da wannan labari a nan suke tsayawa, domin a nan daɗinsa yake. Sai dai kiran rediyon ya jawo wani abu da ba a shirya masa ba. Iyalai daga kowane lungu na Faransa suka ji cewa akwai wani limami a Paris mai ba da gida, suka kwaso 'ya'ya da ƙullin kaya suka taho. Aka fara ajiye su a tantuna. Daga baya Emmaüs ta sami wani fili a Noisy-le-Grand, kimanin kilomita goma sha biyar gabas da Paris, a wani wuri da ake kira Château de France, ta kakkafa ɗakuna na falankin siminti masu lanƙwasasshen rufi, kamar an tsaga ganga biyu an kifa rabin a ƙasa. Mazauna wurin suka riƙa kiransu igloo. Daɓen ƙasa ne, babu lantarki, famfunan ruwa 'yan ƙalilan ne ga dukan sansanin. Da rani ɗakin ya zama tanda, da hunturu ruwa ya daskare a bokiti. In an yi ruwan sama kuwa, taɓo har idon sawu.

An ce zaman na wucin gadi ne. Sansanin ya shekara kusan goma sha bakwai.

Dalilin daɗewarsa shi ne zuciyar wannan tarihi. Da aka fara gina gidajen gwamnati masu rahusa, sai aka riƙa zaɓe. Mai takardar albashi, mai 'ya'ya biyu ko uku, wanda ake ganin zai biya haya a kan kari, shi ake ɗauka. Aka tsince masu dama-dama, aka bar mai 'ya'ya takwas, da wanda ba ya karatu, da mai ciwon tarin fuka, da wanda ya taɓa zaman gidan yari. Duk ɗakin da aka bari kuma wani iyali da ya fi na baya shiga uku ne zai maye gurbin. Kafin shekara biyu, zumuɗin jama'a ya kwanta, 'yan jarida sun koma wasu labaran, sansanin ya zama wurin da ake zubar da waɗanda ba a san yadda za a yi da su ba.

Haka Fada Joseph Wresinski ya tarar da wurin ranar 14 ga Yulin 1956, lokacin da bishop ɗinsa na Soissons ya turo shi ya zama limamin iyalai 252 da ke zaune a ciki. Shekarunsa 39. An haife shi a Angers a 1917, a wani sansanin da aka tsare baƙi a lokacin yaƙi, domin mahaifinsa ɗan Poland ne mai riƙe da takardun Jamus, mahaifiyarsa kuma 'yar Sifaniya. Uban ya tafi neman aiki bai dawo ba, uwar ta riƙe yara da aikatau a gidajen masu kuɗi. Tun yana ɗan ƙanƙane yake sammako zuwa gidan sistoci yana taya liman hidimar addu'ar asuba, a ba shi kofin madara da 'yan kwabbai. An taɓa ba uwar shawarar ta kai shi gidan marayu ya koyi sana'a, ta ƙi, domin a ganinta ɗan da uwarsa ke raye ba maraya ba ne. Yana da shekara goma sha uku ya shiga koyon aikin gashin kek, daga nan ya bi ƙungiyar matasan ma'aikata Kiristoci, har aka naɗa shi limami a 1946.

Wato mutum ne da ya san layin karɓar sadaka daga ciki, ya kuma san yadda fuskar uwa ke sauyawa idan mai bayarwa ya fara yi mata tambayoyi a gaban 'ya'yanta. Shi ya sa ɗaya daga cikin abubuwan da ya fara yi ya girgiza kowa: ya tsaya kai da fata sai an daina rabon miya kyauta a sansanin. Kayan gwanjon da ake zubewa jama'a suna wawaso, ya sa aka riƙa sayar da su a kan kuɗi kaɗan, don mace ta zaɓi abin da ya dace da ɗanta ta biya, ta fita ba ta ce wa kowa na gode ba. Masu kawo agaji suka ji haushi. Wasu daga cikin mazauna sansanin ma suka ji haushi, kuma suna da hujja, domin mai jin yunwa ba ya cin mutunci ya ƙoshi. Wresinski ba mutum ne mai sauƙin hali ba. Yana da zafin rai, kuma waɗanda suka yi aiki da shi ba su ɓoye hakan ba.

A madadin tukunyar miya, shi da mazan sansanin suka gina makarantar renon yara, ɗakin karatu, wurin wanki, wurin koyon sana'a, da ɗakin ibada wanda mai zane Jean Bazaine ya yi wa tagogin gilashi masu launi. Har da shagon gyaran gashi na mata. Wannan na ƙarshe ya fi jawo surutu: mutanen da ba su da ban-ɗaki, me za su yi da gyaran gashi? Amsar tana ƙofar makarantar gwamnati da ke cikin gari. Uwar da ta san kamanninta za su sa a nuna ta da baki ba za ta je ganin malamin ɗanta ba, kuma uwar da ba ta zuwa makaranta, a takardar jami'in walwala, uwa ce da ba ta damu da ɗanta ba.

Nan ne babban tsoron iyalan yake, ya fi tsoron sanyi da na yunwa. Dokar Faransa ta ba hukuma ikon ɗauke yaro daga hannun iyayensa idan aka ga yana cikin haɗari, kuma wata doka ta Disamban 1958 ta faɗaɗa ikon alƙalin yara a kan wannan. Niyyar dokar mai kyau ce, akwai kuma yaran da ta ceta. Amma a wuri irin Noisy-le-Grand, ɗakin da ke yoyo, da yaron da ke tari, da takalmin da ya je aji da taɓo, duk suna iya zama hujja. Sai iyaye suka koyi ɓoye ciwon yaro don kada asibiti ya kai rahoto, ɓoyewar kuma ta zama sabuwar hujja a kansu. Iyalai da yawa a sansanin akwai ɗansu ɗaya ko fiye a hannun hukuma, wani a gidan reno mai nisan da kuɗin jirgin ƙasa ya fi ƙarfin uban. Da yawa daga cikin iyayen su kansu a irin waɗannan gidaje suka tashi. Ga kuma matsalar adireshi: magidanci ya je neman aiki, ana jin inda yake kwana sai a ce an riga an ɗauki wani.

Saboda haka abin da Wresinski ya fahimta da rufin asirin iyali abu ne da ake iya taɓawa da hannu. Ɗaki mai ƙofa da makulli wanda ba za a rushe gobe ba, yara suna kwana tare da iyayensu, suna zuwa makaranta ɗaya shekara da shekaru, uba yana da wurin da yake fita da safe. Duk lokacin da hukuma ta so ta share sansanin ta watsa mutanen, ya kan tsaya ya ce sai an nuna inda kowane iyali zai koma. Ya san abin da watsewa ke nufi: uba gidan kwanan maza, uwa gidan kwanan mata, yara hannun gwamnati.

A 1957 ya kafa ƙungiya tare da iyalan, daga baya aka sa mata suna Aide à Toute Détresse, wato taimako ga duk wanda ke cikin ƙunci, ATD a taƙaice. Ya gane da wuri cewa muryar mazauna sansani kaɗai ba ta wuce ƙofar ofis, dole sai da mutanen waje waɗanda hukuma ke jin kunyarsu. A Oktoban 1958 Geneviève de Gaulle-Anthonioz ta zo ziyara. 'Yar ɗan'uwan Janar Charles de Gaulle ce, kuma Jamusawa sun tsare ta a sansanin Ravensbrück a lokacin yaƙi. Ta sha faɗa cewa a fuskokin mutanen Noisy ta ga abin da ta sani a fuskokin matan da aka tsare su tare. Ta bar aikinta a ma'aikatar al'adu ta minista André Malraux, ta shugabanci ƙungiyar a Faransa daga 1964 har 1998. A 1960 wata jami'ar diflomasiyyar Holan, Alwine de Vos van Steenwijk, ta zo ita ma, Wresinski ya ɗora mata aikin kafa sashen bincike.

Akwai kuma 'yan sa-kai, yawancinsu 'yan mata daga Faransa da Beljiyam da Jamus da Ingila, irin su Francine de la Gorce da Bernadette Cornuau da Mary Rabagliati, waɗanda suka tare a sansanin suka zauna. Ƙa'idar da aka kafa tun lokacin tana nan: ɗan sa-kai na dindindin yana karɓar ɗan alawus daidai da na kowa, ko likita ne ko direba. Wresinski ya kuma ɗora musu wani aiki da suka riƙa ƙorafi a kansa. Kowane dare sai kowa ya zauna ya rubuta abin da ya gani da abin da ya ji: wa ya ce me, wane yaro ne bai je makaranta ba, me ya hana shi. Daga irin waɗannan bayanai, da binciken masanin zamantakewa Jean Labbens da aka buga a 1965, aka tabbatar da wani abu da Faransa ba ta so ji ba a shekarun da tattalin arzikinta ke haɓaka. Yawancin mutanen sansanin Faransawa ne haifaffun ƙasa, kuma talaucinsu gado ne, iyaye da kakanni. Ba tsautsayin yaƙi ba ne da zai wuce da kansa.

Noisy ɗaya ce cikin da yawa. Ƙididdigar ma'aikatar cikin gida ta 1966 ta sami unguwannin langa-langa 255 a faɗin ƙasar, da mutum kusan 75,000 a ciki, mafi yawansu a kewayen Paris: 'yan Aljeriya a Nanterre, 'yan Fotugal a Champigny-sur-Marne. An yi dokar share su a 1964, aiki ya yi ta tafiyar hawainiya. Sai da aka wayi gari a farkon Janairun 1970 da gawarwakin ma'aikata biyar 'yan Afirka ta Yamma a wani gidan kwana a Aubervilliers, hayaƙin wutar da suka hura don jin ɗumi ya shaƙe su, sannan Firaminista Jacques Chaban-Delmas ya fito da kansa ya zaga, aka yi sabuwar doka a Yulin shekarar. A daidai wannan lokaci aka rushe igloo na ƙarshe a Noisy-le-Grand.

A kusa da wurin aka gina abin da ATD ta daɗe tana nema, wata 'yar unguwa da ake karɓar iyalan da ba inda zai karɓe su. Iyali su sami gida na sosai su biya haya daidai ƙarfinsu, 'yan sa-kai suna zaune maƙwabtaka da su, akwai wurin renon ƙananan yara inda ake so uwa ko uba su shigo su zauna, akwai masu raka mutum ofis da kotu da makaranta. Bayan 'yan shekaru, idan ƙafa ta tsaya, a taya su neman gida a cikin gari kamar kowa. Aiki ne mai cin lokaci da kuɗi, iyalan da yake ɗauka kuma ba su da yawa, shi ya sa bai yaɗu kamar yadda aka so ba.

Abin da ya yaɗu shi ne ɗakin karatu na kan titi. A 1968, lokacin da ɗaliban jami'a suka cika titunan Paris da zanga-zanga, Wresinski ya ce musu in da gaske suke, su kawo iliminsu unguwannin talakawa. Tsarin ba shi da wuya. Mutum biyu ko uku su zo da jakar littattafai, rana ɗaya a mako, sa'a ɗaya, wuri ɗaya: gindin bene, ko gefen filin ajiye motoci. Su shimfiɗa bargo ko tabarma su baje littattafan, masu kyau, sababbi, ba ragowar da wani ya gaji da su ba. Babu rajista, babu tambayar sunan uba ko takardar zama. Yaro ya zo ya tsaya daga nesa yana leƙe, mako na biyu ya matso, mako na biyar ya zauna ya ce a karanta masa na jiya. A fili ake yi da gangan, domin uwar da ke tsoron a ɗauke mata ɗa tana iya hango shi ta taga, ta ga ba wanda ya shige da shi wani ɗaki. Sirrin abin kuwa dawowa ne a ranar da aka ce, ko ana ruwa ko ana sanyi, domin waɗannan yara sun saba da manya masu zuwa sau ɗaya da kyamara. Tun kafin ɗakin karatun kan titi, a 1967, an kafa reshen yara mai suna Tapori, daga 1972 kuma manya suka fara haɗuwa a wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa a Paris suna tattauna batu guda kowane zama, makaranta ko lafiya ko shari'a, talaka ya fara magana, gwani ya saurara.

Tun zuwansa sansanin Wresinski ya yi wa kansa alkawarin sai ya kai waɗannan mutane fadar shugaban ƙasa da fadar Fafaroma da Majalisar Ɗinkin Duniya. A lokacin, duk wanda ya ji zai ce zafin rana ne ya taɓa shi. A 1979 aka naɗa shi a majalisar ba da shawara kan tattalin arziki da zamantakewa ta Faransa, kuma a Fabrairun 1987 majalisar ta amince da rahotonsa kan matsanancin talauci. Rahoton ya ce matsaloli ne ke haɗuwa su riƙe juna, rashin gida ya jawo rashin aiki, rashin aiki ya jawo rashin lafiya, har mutum ya kasa amfani da 'yancin da doka ta ba shi. Don haka maganin ɓangare ɗaya ba ya warkarwa. Ranar 17 ga Oktoban shekarar, mutum kusan 100,000 suka taru a dandalin Trocadéro, inda aka kafa dutsen tunawa da waɗanda talauci ya kashe. Ya rasu ranar 14 ga Fabrairun 1988. A Disamban shekarar gwamnatin Michel Rocard ta kafa RMI, ɗan kuɗin wata-wata ga wanda ba shi da komai, a 1992 kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta mayar da 17 ga Oktoba ranar yaƙi da talauci ta duniya.

Geneviève de Gaulle-Anthonioz ta ci gaba da bin 'yan siyasa a kan babbar dokar da rahoton ya nema. A Afrilun 1997, tana da shekara 76, ta tsaya gaban majalisar dokoki ta yi jawabi a kan ƙudurin. Bayan 'yan kwanaki Shugaba Jacques Chirac ya rushe majalisar, ƙudurin ya bi ruwa. Ta sake sabon lale da sabuwar gwamnati, aka sa hannu a dokar a Yulin 1998. Inshorar lafiya ga marasa hali ta biyo baya a 1999, a 2007 kuma aka yi dokar da ta ba wanda ya cancanci gida damar kai gwamnati ƙara idan ba ta ba shi ba.

In za a auna mutanen biyu, Abbé Pierre ya iya tayar da ƙasa a dare ɗaya, kuma ba don kiransa ba da majalisa ba ta motsa ba. Wresinski ya iya zama. Na farkon ne ya sami suna, shekara da shekaru yana kan gaba a jerin mutanen da Faransawa suka fi ƙauna. Ya rasu a 2007. A Yulin 2024 ƙungiyoyin Emmaüs da kansu suka fitar da rahoton binciken da suka sa aka yi, inda mata suka ba da shaidar cewa ya ci zarafinsu ta hanyar lalata, wasu shaidun kuma suka biyo baya. Gidauniyar da ke ɗauke da sunansa ta cire shi a farkon 2025. Aikin 'yan jari-bolan yana ci gaba, amma an ga illar jingina ƙungiya kacokan a jikin mutum ɗaya wanda ba mai iya tambayarsa.

ATD ma ba ta tsira daga suka ba. Akwai masu cewa ƙin rabon abinci ra'ayi ne da ya fi sauƙi ga mai ƙoshi, kuma tarihi ya ba su wani abin kamawa: a 1985 ɗan wasan barkwanci Coluche ya kafa Restos du Cœur don raba abinci na hunturu ɗaya, ga shi har yau tana ciyar da sama da mutum miliyan a shekara. Tsugune dai ba ta ƙare ba. Lardin Seine-Saint-Denis, inda Noisy-le-Grand take, shi ne mafi talauci a babban yankin Faransa, fiye da mutum ɗaya cikin huɗu yana ƙasa da ma'aunin talauci. Igloo ya tafi, ɗakin otal mai araha ya maye gurbinsa. Iyalin da ya rasa wurin kwana yana buga lamba 115, in an dace a tura shi wani otal a bayan gari, inda sau da yawa ba a yarda a yi girki ba, wata mai zuwa kuma a mayar da shi wani otal a ɗaya gefen birnin, yaro ya riƙa shafe sa'a ɗaya ko biyu a jirgi kafin ya kai makarantarsa. Da yawa daga cikin waɗannan iyalai yanzu 'yan Afirka ne. A ƙarshen Agustan 2024, gab da komawa makaranta, UNICEF reshen Faransa da haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu ba da mafaka sun ƙirga yara sama da 2,000 da iyayensu suka buga 115 a dare ɗaya aka ce babu wuri.

A Noisy-le-Grand cibiyar iyalan tana nan tana aiki, kuma tun 2002 akwai wani ɗan kamfani na ƙungiyar a garin inda waɗanda suka daɗe ba aiki suke gyaran tsofaffin kwamfutoci da aikin gini da shara. Ƙungiyar ta bazu zuwa ƙasashe sama da talatin, har da Senegal da Burkina Faso, inda ta daɗe tana aiki da yaran da ke kwana a titunan Wagadugu tana neman hanyar mayar da su ga danginsu. Rubuce-rubucen nan na dare da 'yan sa-kai suka riƙa ƙorafi a kansu an adana su a wata cibiya a Baillet-en-France, arewa da Paris. A 2023 UNESCO ta shigar da takardun ƙungiyar na Faransa da na Burkina Faso, daga 1957 zuwa 1992, cikin kundinta na muhimman takardun tarihin duniya.